Minti Arba'in a Bayan Ƙofa

Zuwa ga ƙanena Auta,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara, da karatun makarantar Littafi. Ni dai jiki da sauƙi. Ƙafar ta daina kumbura, sai dai abinci har yanzu ba ya shiga. Yau wata biyu da kwana shida da rasuwar maigidana, amma in na dafa shayi kofi biyu nake ɗaukowa, sai na kai tebur in tuna.

Za ka yi mamaki da na ɗauki biro alhali ga waya. A waya ka fi ni baki. Kafin in gama magana ɗaya ka jefo mini aya uku, sai in manta abin da ya sa na kira. A takarda dole ka jira in gama. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san inda karatuna ya tsaya.

Auta, me kake faɗa a kan mijina a cocin mutane?

Ranar Talata 'yata, 'Yar Baba, ta dawo daga aikinta na kantin magani, ko jaka ba ta ajiye ba ta ɗora mini waya a cinya. Wata abokiyar aikinta ce ta turo mata bidiyo. Ga ka a kan mumbari da kwat, kana ɗaga wani kati sama. Wai mijin yayarka, kafinta, ya yi shekara talatin yana yaƙi da Allah, yana zagin masu bi, ya hana gidansa salama. Wai a gadon asibiti ya fashe da kuka ya riƙe hannunka, yana roƙo ka nuna masa hanya. Mutane suna ta tafi.

Wane yaƙi? Wa ya zaga? Benci goma sha huɗu na cocinmu, wa ya yi su? Shekara ashirin da bakwai, duk Lahadi shi ke kai ni coci a tsohuwar motarsa ta ɗaukar katako, ya tsaya ƙarƙashin bishiyar bakin ƙofa har a tashi. Bai taɓa shiga ba, gaskiya ne. Ya ce shi bai ga abin da muke gani ba, kuma ba zai zauna ya yi ƙarya da bakinsa ba. Amma bai taɓa ce mini kada in je ba. Gadon da kake kwana a kai yanzu, hannun wa ya haɗa shi?

'Yar Baba ta kwashe kayanta ta koma ɗakin ƙawarta. Ka san ta, halin ubanta ta ɗauko, ita ma ba ta ba da gaskiya ba. Kafin ta fita ta ce, "Mama, da Kawu ya ce mu fita, ke kika fara tashi. Ke kika ja hannuna." Kuma gaskiya ta faɗa. Ranar Alhamis ɗinsa ta ƙarshe da la'asar ka shigo ɗakin asibiti ka ce mu ba ku wuri, maganar maza ce. Muka zauna a baranda kan kujerun roba. Ita tana kallon agogon bango, ta ce minti arba'in ne cif. Da ka buɗe ƙofa yana barci. Bai sāke farkawa ba har ya cika ranar Asabar da safe. Wato farkawarsa ta ƙarshe a duniya, kai kaɗai ka same ta.

Ta ce ba za ta sāke taka gidan nan ba sai ta san abin da ya faru a minti arba'in ɗin. 'Ya ɗaya gare ni, Auta. Na rasa uban, ba zan rasa ta ba.

Abu biyu nake roƙo. Ka daina ba da labarin nan. Ka kuma rubuto mini abin da ya faɗa da bakinsa, ba ƙari ba ragi.

Yayarka.

*

Yayata abar ƙauna,

Salamar Ubangiji ta kasance tare da ke. Mun gode Allah da ƙafa ta yi sauƙi. Mu ma lafiya, sai ƙaramin da ke fama da haƙori. Uwarsu tana gaishe ki.

Na karanta wasiƙarki, na kuma yi addu'a a kanta. Yaya, baƙin ciki ƙofa ne da Magabci Shaiɗan ke shigowa ta ciki, ki yi hankali. Ke da kanki kin rubuta cewa bai taɓa shiga coci ba, kin ce gaskiya ne. To kin ga bakinmu ɗaya. Mutumin da ya yi shekara ashirin da bakwai a bakin ƙofar gidan Allah ya ƙi shiga, in ba yaƙi yake yi ba, me yake yi?

Ban yi ƙarya ba, na dai tsara labarin yadda zai taɓa zuciya. Malaminmu ya koya mana cewa shaida sai an nuna duhu sosai kafin haske ya fito. Ranar da aka ɗauki bidiyon nan mutum goma sha bakwai suka fito gaba. Goma sha bakwai, Yaya! Abin da bai yi wa Mulkin Allah da ransa ba, ga shi yana yi da mutuwarsa.

Katin da kika gani katin tuba ne. Mu 'yan ƙungiyar bisharar asibiti da shi muke aiki: duk wanda ya karɓi Ubangiji sai ya sa hannu, mu kawo wa makaranta. Hannunsa na nan a kai. Me kike so in ce miki, mijinki ya mutu ba ceto? Katin nan shi ne ta'aziyyarki, ki riƙe ta.

Ga albishir. An zaɓe ni in ba da wannan shaida a babban taron makarantunmu na ƙarshen wata mai zuwa, za a kuma buga ta a mujalla. Don Allah ki aiko mini da hotonsa mai kyau, in da hali wanda yake riƙe da zarto.

Batun 'Yar Baba kuwa, kada ki lallashe ta, kun daɗe kuna shagwaɓa ta. Na saka miki takardun bishara guda biyar, sababbi ne, na matasa. Ki san yadda za ki yi su kai hannunta.

Ƙanenki cikin Ubangiji,
Auta.

*

Auta,

Ina gaishe ka, domin uwarmu ta koya mini gaisuwa. A shafa wa yaron ruwan sanyi a dasashi da tsumma mai tsabta. Ni ina nan da rai.

Hoto? Hoton mijina kake so? Na ce ka daina, kai kuma ka ce in kawo zarto? Kai, Auta! Ni na goye ka fa. Ni na wanke maka kashi lokacin da uwarmu ke kwance. Yau ni za ka ce Magabci ya shiga? Na tambaye ka abu ɗaya, me ya faɗa da bakinsa, ka cika takarda biyu ba ka amsa ba. Ka ɗauki magana ɗaya cikin wasiƙata ka murɗe mata wuya ta koma taka. Abin da ake koya muku ke nan?

Bari in gaya maka abin da takardunka suka jawo, don kada ka ce kai kaɗai nake ɗora wa laifi. Ranar Juma'a na dafa abinci na zuba a kula, na ɗauka zuwa kantin da 'Yar Baba ke aiki. Wallahi ban yi niyya ba, hannuna ne ya saba: na ninke takarda ɗaya na cusa ƙarƙashin murfi. Ta fito ta gan ni, fuskarta ta ɗan saki, har ta ce, "Mama, kin rame." Ta buɗe kular a kan kantar shagon, takardar ta faɗo. Ta daɗe tana kallonta. Sai ta rufe, ta turo mini, ta ce, "Mama, ko sau ɗaya a rayuwarki ki kawo wa mutum abinci wanda abinci ne kawai." Ta shige ciki. Na tsaya da kula a hannu, masu sayen magani suna ratsa ni.

Washegari na je shagonsa, tun rasuwar ban iya buɗewa ba. Komai na nan yadda ya bari, dusar katako a ƙasa, fensir a bakin taga, wata kujera mai ƙafa uku tana jiran ta huɗu. A ƙarƙashin teburin aiki na sami gwangwanin biskit har shida. Ka san me ke ciki? Takardun bisharar da na yi shekara ashirin da bakwai ina cusa masa a abincin rana. Ko ɗaya bai yar ba. A bayan kowace ya rubuta awo: ƙofar wane, tsawo kaza, faɗi kaza, kabad ɗin wance. Akwai wadda ke cewa "Ina Za Ka In Ka Mutu Yau?", a bayanta awon bencin cocinmu. Sai na tuna ya taɓa ce mini yana dariya, "Uwargida, a gaya wa masu buga takardun nan su rage hoton wuta, su bar mini fili a baya." Na zauna cikin dusa na yi dariya har ta zama kuka.

Mutumin da kake kira maƙiyin Allah ke nan. Kullum ina miƙa masa wuta a cikin abinci, shi kuma ya ci ya ce an gode.

Na koma asibitin karɓo bargonmu da muka manta. Mai shara ta gane ni. Ta ce, "Ayya, ke ce 'yar'uwar mai kati?" Ashe sunan da suke kiran irinku ke nan. Ta ce ran Alhamis in masu kati sun shigo, rabin ɗaki sai ya kama barcin ƙarya, har wanda ke nishi sai ya yi shiru. Marasa lafiya ne fa, Auta, suna ɓuya daga bishara kamar yara masu gudun allura. Ni ban yi makarantar Littafi ba, amma ana karanta mini. Ubangijinmu da ya je wurin marasa lafiya, a ina ya kori matan mutum ya rufe ƙofa? Makaho ma sai da ya tambaye shi abin da yake so. Kai ka tambayi mijina?

Mutum goma sha bakwai ɗin nan, wani kafinta suka ji labarinsa, ba nawa ba. Wannan kai ka ƙera shi.

Ka ji ni da kyau. In ka hau mumbarin taron nan da sunan mijina a bakinka, zan shiga mota in zo da ƙafar nan tawa, in ɗauko gwangwani ɗaya, in tsaya a tsakiyar mutane in ce ƙarya kake yi. Ka san ni, ban iya magana a taro ba, amma ranar zan iya.

Me ya faɗa?

Yayarka.

*

Auta,

Ina fata kuna lafiya. Mako uku ke nan ba amsa. Direban da ke kawo saƙo ya ce hannu da hannu ya ba ka. Na kira sau huɗu ba ka ɗauka ba, kai da waya ba ta gama ƙara ɗaya ka ɗaga.

Saura kwana goma sha biyu taronku. Na ga 'Yar Baba a bakin titi shekaranjiya, ta gan ni, ta tsallaka ɗaya gefen. Na riga na tambayi ƙarfe nawa motar garinku ke tashi.

Yayarka.

*

Yaya,

Ina gaishe ki. Yaron ya warke. Ni ne ba lafiya, ba ta jiki ba.

Uwar yara ce ta tsinci wasiƙarki a aljihun kwat ɗina. Da ta karanta ta zo ta same ni ina goge takalmi, ta ce, "Baban yara, ni ma sau tara na ji shaidar nan, kullum kuka yana ƙaruwa. To me ya faɗa?" Na buɗe baki in kawo aya, ta ce, "Ba Manzo Bulus na tambaya ba." Kwana biyar ba ta sāke yi mini magana ba.

Ga abin da ya faru. Da kuka fita na rufe ƙofa, ya ce, "Auta, yau ma jarrabawa ce?" Na fara karatu. Ya saurara kamar yadda ya saba. Can ya ce, "Kira mini su, ina da magana da su." Na ce bari in gama. Ya sāke faɗa, na ce saura kaɗan. Yaya, na ga numfashinsa yana sauka, na ji tsoro. Shekara ashirin ina bin mutumin nan, na ce in na buɗe ƙofa yanzu ya tafi ke nan har abada. Kuma ba zan ɓoye miki ba, a zangon nan kowa a ajinmu ya kawo kati sama da ashirin, ni shida gare ni.

Na fito da kati. Ya dube shi, ya dube ni, ya ce, "In na sa hannu za ka buɗe ƙofar?" Na ce e. Ya sa hannu, biro yana zamewa. Bai yi kuka ba. Bai maimaita addu'ar ba. Ni ne na ce bari mu yi godiya tukuna, na rufe ido na yi addu'a, na yi waƙa baiti uku. Da na buɗe ido ya yi barci.

Ban san maganar da yake so ya yi muku ba. Ban tambaya ba.

Na je na gaya wa shugaban makaranta ba zan ba da shaidar ba. Ya ce ba komai, akwai wani mai labarin direban tanka. Ko dalili bai tambaye ni ba, wannan ya fi komai ba ni tsoro. Alhamis biyu ke nan ban je asibiti ba, ban san da me zan shiga ba in ba kati.

Ga katin nan na saka a ciki. Ba ni da bakin neman gafara, amma ina nema.

Auta.

*

Auta,

Na gaishe ka. Ka gaishe mini da maiɗakinka da kyau, ka ce yayarta ta gode.

Baiti uku. Mijina yana kiran mu, muna taku biyar daga gadonsa, kai kana baiti uku. Na karanta wasiƙar a tsaye, na sāke karantawa a zaune, sai na ɗauki kofin da ke gabana na maka shi da bango. Gafarar da kake nema, na san an umarce ni. Ina roƙon Allah ya ba ni ita in ba ka. Bai ba ni ba tukuna, kuma ba zan sa hannu a kan abin da ban ji a zuciyata ba don kawai a wuce wurin.

Na kai wa 'Yar Baba wasiƙar da katin, hannuna ba kula ba komai. Ta karanta a bayan kantar shagon. Ba ta yi kuka ba. Ta ce in tafi gida.

Ran Lahadi da safe ina ɗaura ɗankwali na ji ƙarar motarsa a ƙofar gida. Na leƙa. 'Yar Baba ce, ta sa an gyara batir. Ta ce, "Shigo, za ki makara." Na shiga, muka kama hanya. Ta tsaya ƙarƙashin bishiyar nan, daidai inda yake tsayawa. Na kama murfin mota zan fita, sai na fasa. Na ce yau a nan zan zauna. Ta ce, "Ke kika sani."

Auta, ka taɓa zama a wajen coci ana sujada? Ni ban taɓa ba sai ranar. Lasifikar da ke kan rufi, bakinta bishiyar nan yake kallo. Komai ana ji, har tarin Fasto. Aka zo lokacin roƙon addu'a, wata 'yar'uwa ta karɓi abin magana ta ce a taya ta addu'a saboda ɗanta, zuciyarsa ta taurare kamar dutse, Shaiɗan ya ɗaure shi. Mai sayar da lemo a bakin ƙofa yana ji, masu wucewa suna ji. Sai na gane. Kalmomina ne. Kusan duk wata nakan tashi in faɗi haka a kan mijina.

Na ce, "Haka ake ji kullum?"

Ta ce, "Tun ina shekara goma sha biyar nake zama da shi a nan. Har wanda kike yi a kaina muna ji."

Na ce, "Me yake cewa?"

Ta ce, "Ran farko na kai hannu zan ɗaga gilashi, ya riƙe ni. Ya ce, 'Bari, muryar uwarki ce.'"

Kuma in na fito sai ya miƙo hannu ya buɗe mini ƙofa ya ce, "An yi sujada lafiya?" Shekara da shekaru. Ni da kai muna ta neman hanyar da za mu nuna masa haƙurin Almasihu, shi kuwa yana zaune a mota yana yi mana.

Ban daina ba da gaskiya ba, kada ka sāke murɗe mini magana. Lahadi mai zuwa zan shiga in zauna a kan bencinsa. Amma na riga na gaya wa Fasto ko dai a juya lasifikar nan, ko a daina kiran mutane da ita. Ni kuwa bakina ya bar ambaton 'yata a taro. In zan yi mata addu'a, a ɗaki zan yi. Inda mijina yake, Allah ya sani, kuma na fi amincewa da Shi a kan kati.

Ka ce ba ka san da me za ka shiga asibiti ba. Ni ma ban sani ba. Ka dai bar ƙofa a buɗe, in mutum ya ce a kira masa wani, ka tashi ka kira.

Da muka dawo gida na ce ta ba ni katin in ƙona. Ta hana. Ta ce, "Wannan ba na Kawu ba ne. Shi ne abu na ƙarshe da Baba ya rubuta, kuma don a buɗe mana ƙofa ya rubuta shi." Ta saka shi a jakarta, cikin aljihun da take ajiye hotonsa.

Jaka ɗaya ta dawo da ita, sauran kayan suna can. Ban tambaye ta ba. Na dafa abinci na zuba mata, ta ɗaga murfin ta leƙa ƙarƙashinsa, ta dube ni, sannan ta ci.

Kada ka zo tukuna. In lokaci ya yi, ita za ta faɗa, ba ni ba.

Yayarka.